Gemun Maigandi da Zaki Mai Fiffike

Ku matso, wanda bai sami tabarma ba ya zauna bisa takalminsa, don labarin Maigandi ba a jin sa a tsaye.

A zamanin da Nasara bai daɗe da kafa bariki a Sakkwato ba, lokacin da in mota ta wuce har tsofaffi sai sun leƙo, akwai wani mutum a wajen Ƙofar Rini ana ce da shi Maigandi. Karatunsa bai yi nisa ba. Sana'a kuwa ya taɓa jima, ya taɓa dillancin goro, ya taɓa awon gero, kowacce ta kore shi. Amma Allah ya ba shi abu ɗaya da bai ba kowa ba a unguwar, wato gemu. Gemu ne baƙi wuluk, mai cika, ya sauko har ƙirji, kullum yana shan man shanu da turare. Saboda gemun nan baƙo in ya shigo unguwa shi yake fara durƙusa wa. Saboda shi ake miƙa masa cinyar kaza a wurin walima, alhali masu ilmin gaske suna fama da wuya da ƙafa. In ka cire gemun, ba abin da ya rage na Maigandi sai baki, shi kuwa bakin ba ya hutawa.

A unguwar akwai Malam Siddiƙu, dattijo mai sanyin magana, wanda ya gaji wani tsohon littafin ajami daga kakansa, Ƙissar Uzairu Ɗan Fatake. Ranakun da babu karatun allo, bayan la'asar, sai ya buɗe gafaka ya karanta wa jama'a a zaurensa. Labarin wani saurayi ne da ya yi sallama da uwarsa, ya haye teku, ya kashe zaki da hannu, sarkin wani tsibiri ya jefa shi kejin ƙarfe, 'yar sarkin ta cece shi. Mutanen unguwa sun sha labarin nan har sun haddace shi. Kuma suna da al'adarsu ta masu karatu: in mai karantawa ya yi tuntuɓe, ko da wasali ɗaya ne, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Koma!" Dole a koma baya a sake, ba a wucewa sai an gyara. Malam da kansa bai tsira ba, don gwaggonsa, Inna Juwairiyya, tana zaune bayan ƙofar cikin gida da carbinta. Idonta ya yi rauni, amma ba abin da ke wuce kunnenta.

Wata rana Malam ya rufe littafi, kowa yana cewa madalla, sai Maigandi ya shafa gemu ya yi wata 'yar dariyar raini.

"Karatu ya yi daɗi, Malam," in ji shi. "Sai dai ku ji kunka yi, ni ko da idona nig gani."

Haruna wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya juyo. "Mi kag gani?"

"Uzairu mana! Nasara sun sa shi cikin majigi. Can Kano nig gane shi, shina tahiya bisa bango da ƙahwahunai, zaki na biye."

To, gaskiyar magana, Maigandi ya taɓa raka fatu Kano, ya kuma je wurin majigi. Amma a can bayan taro ya tsaya, abin da ya gani ƙeyar mutane ce da wani haske yana rawa.

"Kamar yadda yake cikin littahi?" in ji Malam Siddiƙu.

"Baƙi da wasali, Allah shi gafarta Malam. Ko ɗigo ba su bari ba."

"To kawo muna shi mu gani," in ji Haruna.

Mai hankali a nan zai yi tari ya ce Kano da nisa. Maigandi kuwa sai ya ga duk ido ya dawo kansa, abin ya yi masa daɗi har cikin kai. Ya damƙi gemunsa da hannu biyu.

"In ban kawo Uzairu cikin zauren ga ba, ko in anka sami wuri guda da yas saɓa ma littahi, Haruna, ga geme ga aska!"

"Jama'a kun ji hwa," in ji Haruna.

Daga bayan ƙofa muryar Inna Juwairiyya ta fito: "Mun ji."

Tun daga ranar, duk lokacin da Maigandi ya bi ta gaban rumfar Haruna, sai Haruna ya ɗauko aska ya hau wasa ta a kan fata, yana gaishe shi da fara'a. Maigandi ya daina cin abinci da daɗi. Ya kwanta da gemu a hannu, ya tashi da gemu a hannu. Da abin ya ishe shi sai ya nufi bariki wurin taubashinsa Bawa, wanda ke aikin kuku a gidan wani Baturen likita da ake wa laƙabi da Mai Jan Kunne.

Ya sami Bawa a bayan gida yana fiɗar zabo.

"Bawa, an ce maigidanka na da akwatin majigi."

"Shina da shi. Mi ya haɗa ka da shi, kai da ko fitila ba ka iya kunnawa?"

"Wane labari ke ciki?"

"Ni ina na sani? Shayi nike kai musu in hito. Na dai hangi wani mutum, na kuma hangi wata dabba mai ban tsoro."

Maigandi ya daka tsalle, zabon ya kusa faɗuwa ƙasa. "Mutum da dabba? Shi ke nan! Uzairu na da zaki! Ban gaya musu ba?"

Ka ji mutum. Ƙaryar da ya ƙaga da bakinsa ita ce ya dawo ya gaskata. Ko ya ce a kunna masa ya duba, bai ce ba.

Bawa ya ƙi, Maigandi ya roƙa. Bawa ya sake ƙi, Maigandi ya tuna masa da kakarsu da ke kabari da nonon da iyayensu suka sha tare. Daga ƙarshe Bawa ya ce ran Juma'a likita zai tafi Kwalkwalawa duba rijiyoyi, ba zai dawo ba sai gab da magariba. In za a yi, sai dai a yi da rana bayan an sauko daga masallaci.

"Abu guda," in ji Bawa. "In fitilar ciki na ci, kada ka tsai da hannu. Ka yi ta juyawa. Ka ji ko?"

"Ni za ka koya ma majigi? Ni da nij je Kano?"

Majigi dai duhu yake so, ranar Sakkwato kuwa a bazara ba ta san wani abu wai shi duhu ba. Maigandi ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya je wurin majema ya aro fatun akuya, waɗansu ma ba su gama bushewa ba, ya toshe tagogin zauren Malam da su, ya rataya sauran a bakin ƙofa. Sai aka zo ga farin ƙyallen da hoto zai hau. Bangon zaure jar ƙasa ne, ba zai yi ba. Maigandi ya tuɓe farar babbar rigarsa ta Juma'a, mai aiki a ƙirji, aka baje ta a bango aka kafe da ƙusa. Ya rage daga shi sai 'yar shara da wando da gemu.

Kafin ka ce me, zaure ya cika maƙil. Dukawa sun zo, masu awo sun zo, har da wani mai tallan kilishi da ya shigo don ya ga an taru. Malam Siddiƙu ya zauna a gaba da littafi buɗe a cinya, duk da ba ya iya ganin ko baƙi ɗaya a duhun nan. Haruna ya zauna kusa da ƙofar cikin gida don ya riƙa gaya wa Inna abin da ake nunawa, zabirarsa a gefe. Zafi ya taso, fatu suka fara bayyana halinsu. Ƙudaje kuwa ba wanda ya gayyace su, amma sun amsa.

Bawa ya ajiye akwatin a kan turmi, ya kunna fitilar ciki, ya koma gefe yana addu'a. Akwatin yana da mariƙi irin na keken ɗinki. Maigandi ya kama, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya fara juyawa.

Haske ya faɗa kan riga. Wani rubutun boko ya fito fari tas.

"Mi anka rubuta?" in ji Malam.

"Cewa yay yi, wagga ita ta ƙissar Uzairu, wanda bai yarda ba shi hita," in ji Maigandi, wanda ko harafi ɗaya na boko bai sani ba.

Rubutu ya wuce. Sai ga wani ƙato kwance a gado, baki buɗe, yana sharar barci. Kansa ya faɗa daidai aljihun rigar, aikin zare ya rufe masa rabin fuska. Zaure ya ɗauki salati, don da yawansu ba su taɓa ganin mutum yana numfashi a jikin riga ba.

"Haruna, mi anka nuna?" in ji Inna.

"Wani ƙato na shina kwana, Inna. Kainai na cikin aljihu."

"Kwana? Hwarkon littahi Uzairu na tsaye da sanda da gora, uwatai na sa mishi albarka. Ina uwatai?"

"Ta shiga ɗaki, Inna," in ji Maigandi.

"Koma!"

"Inna, ai shi majigi ba a..."

"Koma!" in ji zaure gaba ɗaya.

Maigandi ya dubi Bawa, Bawa ya dubi rufin zaure. Ba yadda ya iya, ya juya mariƙi baya. Rubutu ya dawo. Ya sake juyawa gaba. Ƙato yana nan kwance yadda aka bar shi.

"Bai tashi ba," in ji Malam.

"Gajiya ta, Allah shi gafarta Malam. Tun daga Ingila anka ɗauko shi cikin akwati. Ko kai na sai ka ɗan miƙe."

Waɗansu suka ce wannan kuma gaskiya ne, a yi masa uzuri. Daga wajen Haruna kuwa sai aka ji ƙarar zabira ana buɗewa.

Aka ci gaba. Sai ga wani fasasshen kasko a bayan ɗaki, ruwan sama ya taru a ciki. Hoton ya matso, ya matso, har ruwan ya cika rigar, waɗansu abubuwa masu kama da tsutsa suna ta wutsil-wutsil a ciki.

"Ga teku!" in ji Maigandi da alfahari.

"Wanga kasko na," in ji wani baduku. "Irinai na bayan ɗakina."

"Tekun Nasara ke nan. Ƙasarsu ƙarama ta, komi nasu ƙarami na. Waɗancan ko kadduna na, ba ku ga suna iyo ba?"

"Ina jirgin fatake?" in ji Malam.

"Ya nutse."

"Cikin littahi bai nutse ba."

"To ya wuce kuna ta surutu."

"Koma!" in ji Inna.

Aka koma. Babu jirgi. Aka sake komawa, ko ya maƙale a wani lungu. Babu jirgi, babu fatake, sai kasko. Zufa ta fara bin gemun Maigandi tana ɗiga a kan turmi. A ransa ya ce, a dai kai wurin zaki, in suka ga zaki duk za su manta da jirgi.

Sai kuwa ga dabbar.

Ta cika rigar tun daga wuya har ƙasa. Ido ƙwala-ƙwala, ƙafafu zara-zara, ga wani dogon tsinke a baki, ga fiffike yana kaɗawa. Mai kilishi ya yi ihu ya faɗa kan na bayansa. Wani ya fara karanta abin da ya sawwaƙa na neman tsari.

"Ga zaki!" Maigandi ya faɗa da iyakar muryarsa.

Aka bar ƙudaje kawai suna magana.

"Maigandi," in ji Haruna a hankali, "wanga sabro na." Wato sauro, da bakin Sakkwatawa.

"Sabro? Kai tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa ganin sabro mai girman jaki?"

Haruna ya sosa ƙeya. Wannan tambaya ta ɗaure shi, don gaskiya bai taɓa gani ba.

Malam Siddiƙu ya matsa kusa da riga yana nuni da yatsa. "Ƙahwa shida gare shi. Littahi cewa yay yi zaki mai geza, bai ce mai fiffike ba."

"Zakin tsibiri na, Malam. In ba shi da fiffike, ta ina za shi bi shi shiga tsibiri?"

Suna cikin haka sai zakin ya tashi sama, ya sauka a kan dantsen ƙaton nan mai barci, ya kafa tsinke. Cikinsa ya fara kumbura, yana kumbura, har ya yi tim. Ya zare tsinke ya tashi abinsa. Uzairu ko farkawa bai yi ba, sai ma ya sosa wurin ya gyara kwanciya.

"Haruna, wa yak kashe wani?" in ji Inna.

"Inna, zaki ya sha jinin Uzairu ya ƙoshi, ya yi tahiyatai."

Aka ji carbi ya faɗi ƙasa. "La'ilaha illallahu! Uzairun da yak kama zaki ga muƙamuƙi yat tsaga shi biyu? Koma! Koma maza!"

Maigandi ya juya baya, sai abin mamaki ya faru. Zaki ya dawo da baya-baya, ya sauka a kan dantse, ya kafa tsinke, cikinsa ya fara sacewa har ya koma siriri. Ya mayar da jinin tas, ya tashi ya bar wurin.

Zaure ya kaure da murna. "Ya maido! Ya maido mishi abinai!"

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ya amshi gyara. To, ci gaba, yanzu sai Uzairu shi tashi shi kama shi."

Maigandi ya juya gaba. Zaki ya dawo ya kafa tsinke ya shanye jinin.

"Koma!"

Ya mayar.

"Ci gaba."

Ya shanye.

Haka aka yi ta yi, sha, mayar, sha, mayar, har hannun Maigandi ya fara ciwo tun daga kafaɗa. Kowane komawa jama'a na sa rai wannan karon Uzairu zai farka, har wani yana yi masa tsawa, "Tashi, ɗan nema, ga shi nan tahe!" Malam Siddiƙu, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya juyo ya dubi akwatin da ɓacin rai.

"Shekara da shekaru ina karantarwa," in ji shi, "ban taɓa ganin ɗalibi mai taurin kai irin akwatin ga ba. A gyara mishi, shi ce ya ji, shi koma shi yi abin da yay yi."

Maigandi ya ga in aka tsaya a nan gemu ya tafi. Sai ya ƙara wa mariƙi gudu don a wuce wurin. Hotuna suka riƙa tsalle. Ga Uzairu a ƙudundune cikin bargo, haƙora na haɗuwa, jiki na ɓari.

"Hushi na!" in ji Maigandi yana haki. "Don hushin zaki jikinai ke rawa!"

"Masassara ta," in ji baduku. "Irinta nike yi duk damina."

Sai ga wata mace cikin fararen kaya, fuska a murtuke, riƙe da kwalba da cokali.

"Ga ɗiyar sarki!"

"Haruna, yaya take?" in ji Inna. "Littahi ya ce in ta yi murmushi fitilu kunya sukai."

"Inna, wagga in ta dube ka, kai ne za ka ji kunya. Kamar wadda anka ci ma tuwo."

Matar ta ɗura wa Uzairu cokali a baki. Uzairu ya yamutse fuska, ya runtse ido, ya yi kamar zai amayar.

"Zuma ta kawo mishi cikin ƙoƙon zinariya," in ji Malam. "Haka littahi yac ce."

"Zuma na, Malam. Zuman Nasara ɗaci gare shi, ƙudan zumansu maɗaci suka ci."

Ba a gama wannan ba sai ga Uzairu ya rataya wani farin ƙyalle mai huji-huji a saman gado, ya shige ciki, ya cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, ya kwanta yana murmushi.

"Kejin ƙarhe!" in ji Maigandi.

"Na tsumma?" in ji Malam.

"Wane ɗan sarƙa na ke ɗaura ma kainai kurkuku, shi shiga, shina dariya?" in ji Haruna. Yanzu kam kowa yana jin shi, shap, shap, shap, aska a kan fata.

Tsoro ya kama Maigandi sosai, tsoro na gaske. Ya ga kansa yana tafiya kasuwa da haɓa tsirara. Daidai nan sai zakin ya sake fitowa, ya sauka a jikin ƙyallen yana neman hanyar shiga, ya cika riga kamar ɗazu. Maigandi ya ce a ransa, yau ko ni ko su. In na nuna musu geza, magana ta ƙare.

Ya tsai da hannu cak.

"Maigandi, juya!" in ji Bawa.

"Yi man shiru! Jama'a, ku duba da kyau. Ku dubi bisa kainai. Waɗancan gasun, in ba geza ba, mine ne?" Ya sunkuyo a kan akwatin, gemu ya kwanta a kan murfin fitila, yana miƙa hannu yana nuni. "Malam, dubi nan. A'a, nan. Wagga geza ko zakin Gobir..."

Wani ɗigo ja ya fito a tsakiyar cikin zakin. Ya yi ƙwai, ya kumbura, ya buɗe. Kafin a ƙifta ido zaki ya narke tun daga ciki har fiffike, rigar ta koma fari fat.

"Wuta ta ci zaki!" in ji mai kilishi. "Uzairu ya ƙone shi!"

"Babu wuta cikin littahi!" Inna ta ƙwala daga bayan ƙofa. "Da hannu yak kashe shi! Koma!"

Ba wanda ya koma, don wutar ba a riga take ba. Akwatin ne ya yi fuu, ya tofo harshen wuta da wani baƙin hayaƙi mai ɗaci. Gemun da ya shekara yana shan man shanu kuwa bai yi gardama ba, nan take ya karɓa.

Wayyo jama'a! Zaure ya hautsine. Kowa ya nufi ƙofa, ƙofa kuwa fatu sun rufe ta. Mutanen da ke wucewa a titi sai gani suka yi zauren Malam Siddiƙu yana aman dattawa, wani da fatar akuya a ka, wani da ita a wuya, mai kilishi yana rarrafe yana tsintar hajarsa a tsakanin ƙafafu. Malam ya fito da littafi a cikin riga, ya rungume shi kamar jariri. Bawa ya fizgo ɗanyar fata ya danne akwatin da ita. Haruna kuwa ya cafko Maigandi ta ƙeya, ya tsoma kansa cikin randar alwala har kafaɗa, ya ƙara tsomawa don ya tabbata.

Da hayaƙi ya lafa, Bawa ya fito da akwatin a ka, ya tsaya gaban taubashinsa.

"In likita yat tambaye ni ina sabronai, sai in ce mishi mi?"

Maigandi ya buɗe baki, sai tari. Hayaƙi ya shaƙe masa murya, ta koma kamar ta tsohuwar agwagwa. "Ce mishi... mun kashe mishi shi. Ba abin da yake so ke nan ba?"

Bawa ya tofar da yawu ya kama hanyar bariki da sauri.

Sai aka dubi Maigandi da kyau, dariya ta ɓarke. Gemun dama yana nan, ya jiƙe yana ɗiga. Na hagu kuwa babu shi, sai ɗan toka da ƙauri.

Haruna ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ya ajiye 'yar kujera.

"Malam," in ji Maigandi da shaƙaƙƙiyar murya, "a duba man. Wuta ta riga ta amshi rabi. A bar man rabin ga in riƙa tunawa."

Malam Siddiƙu ya ji tausayinsa, ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Inna, ko akwai wuri guda da majigin ga yad dace da littahi? Ko guda, mu yi mishi sassauci."

Inna ta yi ɗan tunani.

"Akwai namiji cikin littahi," in ji ta. "Nan ma an ce akwai namiji."

"Kun ji!" in ji Maigandi.

"Sai dai na littahi a tsaye yake."

"Zauna, Maigandi," in ji Haruna. "Taimakonka za ni yi. In ka shiga gari da rabin geme, awaki ma sai sun bi ka."

Maigandi ya zauna. Da askar ta taɓa shi hawaye suka zubo masa, na gaske, har waɗanda ke dariya suka ɗan sassauta. Haruna ya yi aikinsa tsaf, ya goge da ruwa. Abin da ya fito daga ƙarƙashin gemun nan wata 'yar haɓa ce mitsitsiya, fara sol, wadda rabonta da ganin rana tun zamanin samartaka. Jama'a suka yi ta kallo, don ba wanda ya san Maigandi na da irin wannan fuska.

Rigarsa tana can kafe a bango ta sha hayaƙi. Haka ya kama hanyar gida da 'yar shara, yana bin lungu-lungu, hannu a haɓa. Ya isa rana tana shirin faɗuwa, ya kutsa kai ta zaure ya shige tsakar gida yadda ya saba.

Matarsa Saudatu tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ta ɗago ta ga wani ƙato babu riga, babu gemu, yana ƙauri, tsaye a tsakar gidanta. Ta zaro muciya da tuwo a jiki.

"Kai! Wane marar kunya na ke shigo ma matan aure ba sallama? Hita!"

"Saudatu, ni na," in ji shi, muryar tana ƙugi.

"Har sunana ka sani? Hita kahin in tara maka unguwa!"

Muciya ta sauka a kafaɗarsa, ta sake sauka a gadon baya. Bai san lokacin da ya sami kansa a waje ba. Aka turo ƙyaure, aka sa sakata.

Ya tsaya yana sosa kafaɗa. Can ya matsa jikin ƙofa ya yi sallama a hankali, yadda baƙo ke yi.

"Maigida ba shi nan," in ji Saudatu daga ciki. "Ya tahi nuna ma malamai majigi. In ka gamu da shi, ka ce mishi tuwo na hucewa. Ba ka ɓata shi, duk Sakkwato babu mai geme irin nashi."

Maigandi ya dubi ƙofar, ya dubi hanya. Ya share dakali da hannu, ya zauna, yana jiran maigidan ya dawo.